Ranar da Na Kai Surukina Gidan Majigi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zaunar da surukina a kujerar gaba ta gidan majigi ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, sunayen ɗalibaina, inda na ajiye tabarau, har da wasu haƙora, amma wannan ya bar mini shi cif. In na kwanta da rana ina neman barci, shi yake fara zuwa ya zauna mini a ƙirji. Na gaji da ɗaukarsa ni kaɗai, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin.

Lokacin muna jihar Sakkwato, ba a yanke mana tamu ba tukuna. Ina koyarwa a wata firamare a Argungu, ga sabon aure, ga sabon keke, ga biro biyu a aljihun gaba (ɗaya ba ya rubutu, don kwalliya nake saka shi). Ina ji da kaina ƙwarai. A ganina duk unguwarmu babu wanda ya kai ni wayo, kuma ban taɓa samun wanda ya zaunar da ni ya gaya mini gaskiya ba.

Gidan majigin na Malam Ummaru ne, wani dattijo siriri marar yawan magana wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Tun yana saurayi yake bin motar majigin gwamnati, wadda ke zagaya ƙauyuka tana haska wa mutane yadda ake haƙa masai da tace ruwan sha, yau Gulma, gobe Augie, jibi Zauro. Da motar ta mutu aka yi gwanjon kayanta, sai ya sayi injin haskawar ya kawo gida. Ba shi da gona, ba shi da jirgin kamun kifi, bai iya wata sana'a ba. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata sun yi aure a wasu garuruwa. Injin nan shi ne abincinsa, shi ne kuma abokin hirarsa, don na sha samunsa yana goge shi yana yi masa magana ƙasa-ƙasa.

Wurin da yake haskawa wani fili ne mai katanga da a da ake shanyar albasa a ciki. Filin na mai unguwarmu ne, Baba Magaji, wanda shi ne mahaifin matata, kuma aro ya ba Malam Ummaru don zumunci. Aka shafe bango ɗaya da farar ƙasa, aka jera benci a baya, tabarmi a gaba, aka samo wani tsohon janareta mai tari. Warin albasa bai taɓa barin wurin ba, duk wanda ya shiga kallo, in ya koma gida ba sai an tambaye shi inda ya fito ba. Sauron fadama kuma ba ya fashi. Duk damina ruwa ya wanke bangon, duk kaka mu sake shafawa. Fina-finan na Indiya ne, daga Birnin Kebbi ake aiko mana da su cikin gwangwanaye, bayan babban gidan silima na can ya gama cin moriyarsu, sun sha karce har sai ka ga kamar kullum ruwa ake yi a Indiya. Inji ɗaya gare mu, saboda haka in faifai ya ƙare sai a jira a ɗora wani, a wannan tsakanin ne mai shayi da mai soyayyen kifi suke yin cinikinsu.

To ga inda maganar take. A wancan zamani majigi daban, silima daban, duk da inji ɗaya ne, bango ɗaya ne. Majigi abin gwamnati ne, abin ilimi, dattijo zai iya tsayawa ya kalla da carbinsa a hannu. Silima kuwa wurin 'yan iska ce, wanda aka gani a ƙofarta sai ya sha wahalar samun mata. Saboda haka mu ba mu taɓa kiran wurinmu silima ba. A allon ƙofa ma Gidan Majigi aka rubuta (ni na rubuta, da fenti ja, har da ado a gefe). Kuma kullum bayan sallar isha'i, kafin a saka na Indiya, sai an fara haska wani tsohon faifai fari-da-baƙi da Malam Ummaru ya gada daga motar, na wani malamin gona mai gajeren wando yana koya wa mutane dashen shinkafa a layi da igiya. Ana haska wa mutanen Argungu yadda ake shuka shinkafa, ku ji fa. Ba mai kallo, lokacin ne ake neman wurin zama ana gaisawa. Amma da shi muke cewa majigi muke yi.

Aikina a gidan shi ne lasifika. Ni nake yi wa jama'a bayanin abin da ake faɗa a fim. Ba na jin Indiyanci ko na sayen gishiri, amma in ka kalli fim ɗaya har ka gaji, ka san wanda zai mutu da wanda zai yi kuka, sauran kuma baki ne, ni kuwa Allah ya ba ni shi. Ina alfahari da wannan aiki a ɓoye. Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne tunanin cewa mun yi wa dattawan unguwa wayo, suna can ƙofar gida suna zaton shinkafa muke koyo har a tashi.

Wata shekara bayan girbi sai surutu ya tashi. Wasu iyaye suka fara cewa yara sun daina zuwa karatun dare, wani ya ce ya ji ɗansa yana rera waƙar da ba ta Hausa ba yana wanka, aka ce gidan majigin nan dai a bincika, silima ce aka sa wa riga. Maganar ta kai zauren Baba Magaji. Hankalina ya tashi, na garzaya wurin Malam Ummaru, na same shi yana tace man janareta da tsumma, ko a jikinsa.

Ya ce, "Malam, ƙyale su. Kowace shekara sai an yi wagga magana, in an kwan biyu ta mutu da kanta."

Ban ƙyale ba. Na ce masa wannan tunanin mutanen da ne, a zamanin yanzu in ana zarginka sai ka fito ka wanke kanka. Na kawo shawara mu gayyaci dattawan unguwa gaba ɗaya su zo su gani da idonsu, mu haska musu faifan shinkafa, mu raba goro, su tashi su shaida cewa ilimi ake bayarwa, magana ta mutu har abada. Ya ce shi dai da an bari. Na yi ta zuba har ya gaji ya ce to. Yawancin nasarorin da na samu a rayuwa haka na same su, mutane su gaji su ce to.

Sai gayyatar Baba Magaji. Kun san yadda suruki yake a wurinmu, ko hanya kuka haɗa sai ka rage tsawo, ka cire takalmi, ka gaida shi kana kallon ƙasa. Ni kuwa na tafi zaurensa da bakina na karanta masa shirin. Ya ce idanunsa ba sa gani sosai da dare. Na ce za a sa masa kujera a gaba. Bayan kwana biyu na koma, ya ce ƙafarsa na damunsa. Na ce zan samo mai babur. Na sake komawa, sai ya ce a hankali, "Malam, bar ni gida. Abin da ban gani ba bai dame ni ba." Na fito ina murmushi, ina cewa a raina kunya ce irin ta manya. Da na ga yana ta zillewa, sai na bari ranar wani suna, jama'a cike da ƙofar gida, na miƙe na sanar cewa gidan majigi yana gayyatar dattawa kuma mai unguwa ne babban baƙo. Aka yi ta sa albarka. Shi kuwa ya dube ni, duban da sai daga baya na fahimce shi.

Matsala ɗaya ta rage. Faifan shinkafar ya tsufa, ya sha tsinkewa, duk tsinkewa kuma sai Malam Ummaru ya yanke wurin da ya lalace ya liƙe da salatif. A hankali ya gajarce, har ya zama kafin mutum ya gama cin goro ɗaya ya ƙare, malamin gonar ma tsalle yake yi daga wannan kunya zuwa waccan kamar mai aljanu. Na ce ba za mu tara dattawa a kan wannan ɗan guntu ba. Na san Malam Ummaru yana da wani kwali da yake tara guntayen fina-finan da suka tsinke, ba ya zubar da komai. Na ce ya duba ciki, duk inda ya ga gonar shinkafa ya liƙa a ƙarshen namu, ai Indiya ma shinkafa suke ci. Ya ce idonsa ya yi rauni, hotunan kuma ƙanana ne. Na ce ya ɗaga su a rana, shinkafa ai ba ta ɓuya. Washegari ya ce ya samu wani dogo, ya ɗaga farkonsa ya ga kore shar, ya liƙa. Ya ce mu gwada kafin ranar, na ce kada mu ɓata mai a banza.

Ranar ta zo. Na sa babbar rigar aurena. Aka share fili, aka yayyafa ruwa, aka aro kujeru daga makarantarmu. Bayan isha'i dattawa suka shigo ɗaya bayan ɗaya, kowa yana ɗan waige kamar wanda ya shiga gidan da ba nasa ba. Baba Magaji a tsakiya. Kusa da shi wani tsohon masunci, Baba Manu, wanda gidansa ke jingine da katangarmu. Bayansu kuma matasa sun cika wurin maƙil, sun zo ganin yadda za ta kaya.

Da farko komai ya tafi daidai. Malamin gona ya fito da igiyarsa, ni kuma na buɗe murya ina bayanin amfanin layi da taki, har da kalmomin da ban taɓa amfani da su ba. Dattawa na gyaɗa kai cikin haƙuri. Sai hoton ya ɗan yi tsalle, fari-da-baƙi ya koma mai kala, ga wata gona koriya shar har iyakar gani. Na ce, jama'a, yanzu kuma mun tafi ƙasar Indiya mu ga yadda 'yan'uwanmu manoma suke yi. Ban rufe baki ba sai sarewa ta tashi, ganga ta amsa, shinkafar ta dare biyu, wata mace ta ɓullo daga ciki da jan mayafi, cibiya a waje, tana karkaɗa kafaɗa.

Na waiga na ga Malam Ummaru ya kai hannu zai kashe inji. Da na bar shi, da an ce kuskure ne, an yi salati an watse. Amma sai na ɗaga masa hannu na ce ya bari. Na yarda da bakina fiye da yadda na yarda da komai a duniya, na ce a raina kashewa ai amsa laifi ne, bari in fitar da mu.

Na ce wannan wata manomiya ce tana murnar amfanin gona ya yi kyau. Ta yi juyi, ta faɗa cikin ruwa, ta tashi a jiƙe. Na ce kun ga yadda suke gwada zurfin ruwa kafin dashe. Na saci kallon layin gaba, sai na ga Baba Magaji ya sunkuyar da kai ya rufe ido kamar mai gyangyaɗi, sauran dattawan ma kowa ya sami abin kallo a ƙasa, wani takalminsa, wani carbinsa. Mai hankali zai gane cewa ƙofa suka buɗe mini in fita. Ni kuwa sai na ga kamar bayanina ne bai gamsar ba, na ƙara matsa lasifika a baki na ce ina roƙon iyayenmu dattawa, musamman mai unguwa, su ɗago su duba da kyau, domin wannan wurin shi ne mafi muhimmanci.

Suka ɗago. Daidai lokacin wani saurayi mai gashin baki ya fito daga bayan bishiya da gudu, ya kamo ta ta baya, ya cusa fuskarsa a wuyanta.

Na ce, "Wannan malamin gona ne. Yana duba ko matsattsaku ya kama ta."

Har yau ban san daga inda maganar ta fito ba. Wani yaro a baya ya yi wani irin sauti kamar an shaƙe akuya. Baba Manu ya gyara zama, ya ce da ƙarfi irin na wanda kunnensa ya yi nauyi, "Malam, su matsattsakun can ga wuya su ka kamu?"

Na ce eh, Baba, irin nasu masu hawa ne.

Nan haƙurin tsohon ya ƙare. Ya ce, "Haba Malam. Wanga ba malamin gona ba na, direban nan na da ubanta yah hana mata. Gaba kaɗan za a yi mai duka ga tasha." Yana gama faɗa ya kama bakinsa, amma ta riga ta fita.

Wurin ya fashe. Matasa suna faɗowa daga benci, mai shayi ya zubar da butarsa, wasu dattawan ma kafaɗunsu na rawa cikin riga. Baba Magaji bai yi dariya ba. Ya miƙe a hankali, ya gyara rigarsa, ya nufi ƙofa, sauran suka bi shi. Ni kuma na ce, na shiga uku, Baba ya tashi. Na manta lasifikar tana bakina. Duk unguwa ta ji, har matata da ke tsakar gida tana jiran in dawo in ba ta labarin nasara.

Da safe ya aiko a kira ni. Na tafi, na durƙusa a bakin zaure. Na shirya wa faɗa, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Muryarsa a gajiye take.

Ya ce, "Shekara da shekaru mutane na kawo mani ƙara, ina ce musu ni majigi na ba aron fili, ban ga wani abu ba. Kuma ban yi ƙarya ba. Jiya na duƙad da kai, kac ce ga lasifika in ɗago in duba. To na duba, Malam, gaban kowa. Gobe in an tambaye ni, mi za ni cewa?"

Ya ce in gaya wa Ummaru ya yi haƙuri, ya kwashe kayansa kafin Juma'a. Shi da Ummaru fa tare suka yi ƙuruciya.

Ni na kai saƙon, ni na taya shi kwance wayoyi. Bai zage ni ba, bai ko ɗaga murya ba, ya naɗe injin cikin tsohon bargo yana ɗaurewa da igiya a hankali. Na kasa jure shirun, na fara ba shi haƙuri, na ce ni ne na tona mana asirin da muka daɗe muna ɓoye wa gari. Sai ya tsaya da ɗaurin, ya dube ni da mamaki na gaske.

Ya ce, "Wane asiri? Kana zaton mu munka ɓoye ma gari? Ka ga wagga katanga, da can iyakar ƙirji ta tsaya. Magaji na yas sa anka ƙara mata tsawo, da ƙasa tai da magina nai, don kada shi gani in ya wuce masallaci. Kowa ya sani, Malam. Kai ɗai na ba ka san an sani ba."

Ya ɗora injin a amalanke ya tura. Ya nemi wani filin a unguwanni biyu, ba wanda ya ba shi, don yanzu abin ya yi suna, kuma sunan ba majigi ba ne. Daga baya ya koma wurin 'yarsa a Birnin Kebbi, yana gyaran tocila da rediyo a bakin kasuwa, a can ya rasu. Mutane sukan ce mini in daina damuwa, ai ko ban yi ba bidiyo na tafe, da ita za ta kashe gidan. Wataƙila haka ne. Amma da bidiyon ce ta kashe shi, da na riƙa samun barcin rana.

Abin da na koya bai da yawa, kuma ya zo a makare. In ka ga manya sun yi shiru a kan abin da ke gaban hancinsu, ba rashin sani ba ne, aiki suke yi, kuma aikin yana da wuya. Kada ka ce za ka taya su. In kuwa har sai ka taya, to don Allah ka fara ajiye lasifikar.